Yaron da Aka Shaida Ƙoƙarinsa: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalai na Adjamé da Treichville

 

Yau ba maganar rigakafi ko zazzaɓin cizon sauro na kawo muku ba. Na zo ne da maganar lafiyar zuciyar 'ya'yanmu matasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi fargaba ko ƙuncin rai. Irin wannan ciwo ba ya zuwa da zafin jiki. Sai dai ku ga yaro ya daina magana, barci ya ƙaurace masa, ko ya koma zama a tasha cikin yaran gbaka, inda ake miƙa masa tramadol da haɗin nan da ake kira Kadhafi.

Ku duba ma'aunin da muke auna ɗanmu da shi: sakamakon BEPC ko BAC, sai cinikin da ya yi a rumfa. Wanda ya faɗi jarrabawa ba ya jin komai sai "ba ka da amfani", har ya gaskata. Alhali yana da baiwar da ba a taɓa ba ta fili ba.

Akwai tsarin da aka gina domin wannan gurbi. A 1956 Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya kafa lambar yabo ta matasa tare da malami Kurt Hahn. Yau ana gudanar da ita a ƙasashe fiye da 100, har da maƙwabciyarmu Gana, inda take ɗauke da sunan shugaban ƙasa. Ta 'yan shekara 14 zuwa 24 ce, kuma hawa uku gare ta: tagulla, azurfa da zinariya. Hawan farko kan ɗauki aƙalla wata 6. Matashi zai zaɓi hidimar al'umma, da sana'a ko fasahar da zai koya, da wasan motsa jiki, kowanne kamar awa ɗaya a mako. Sannan ya yi tafiyar kwana biyu da 'yan'uwansa ƙarƙashin kulawar manya. Ba gasa ba ce, babu na ɗaya babu na ƙarshe. Kowa da burin da ya sa wa kansa, kuma wani babba wanda ba ɗan gidansu ba shi ke sa hannu cewa ya cika.

Ina amfaninsa ga lafiya? Na farko, yaron da ya ɗauki alkawari ya cika shi mako bayan mako yana da hujjar da zai amsa wa zuciyarsa ranar da ta ce masa bai iya komai ba. Na biyu, motsa jiki na gyara barci, yana rage damuwa; hukumar ta ba da shawarar minti 60 kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17. Na uku, yana samun abokan kirki da babban da zai iya faɗa wa abin da yake jin nauyin faɗa muku. Na huɗu, wanda ya yi wa wani hidima yakan san cewa ana bukatarsa a duniya.

Na san abin da ke ranku: wa zai tsare rumfa? Awa uku ce a mako. Ku auna ta da kuɗin jinyar yaron da ƙwaya ta kama. Kada kuma a bar 'ya'ya mata a baya. Ku san mai kula da su, ku san inda za su da lokacin dawowarsu, sannan ku sake su.

Ga abin yi. Ku tambayi shugaban makarantar ɗanku ko suna da irin wannan shiri. Ku nemi 'yan sikawut na Musulmi, ko ƙungiyar ɗalibai ta AEEMCI, ko Croix-Rouge. Idan babu ko ɗaya kusa da ku, ku kafa naku a layinku na kasuwa. Littafin rubutu ɗaya ya isa. Tela ko mai gyaran waya ya koyar, matasa su yashe magudanar ruwa kafin damina, su buga ƙwallo, su yi tattaki a dajin Banco da rakiyar manya. Bayan wata shida, shugaban kasuwa ya kira sunan kowa a gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi.

Sai dai lambar yabo ba ta maye gurbin likita. Yaron da ya shafe mako biyu cikin ƙunci, ko ya daina cin abinci, ku kai shi asibiti. Idan ya ambaci kashe kansa, ku kai shi ran nan, kada ku bar shi shi kaɗai.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon ganin alherinsu da faɗinsa a gabansu.