Kaska da Amanar Masu Fita Daji

 

Ya 'yan'uwa, damina ta sauka, ciyawa ta yi tsawo, kuma lokaci ne da 'yan agaji da ɗaliban Islamiyya suke fita bayan gari domin horaswa da hutawa. Muna yi musu gargaɗi a kan maciji da kunama, amma ban taɓa jin an ambaci kaska ba, domin mun ɗauke ta matsalar shanu da karnuka.

Alhali kuwa akwai nau'in kaskar dabbobi da ke ɗauke da cutar da likitoci ke kira zazzaɓin Kirimiya da Kwango. An fara gane ta a Kirimiya a 1944, aka sami ƙwayarta a Kwango a 1956. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutum 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kwanta da ita. Dabbar da ke ɗauke da ita ba ta nuna alamar ciwo, kuma jininta ma yana harbin mai yanka da mai fiɗa, abin da ya kamata mu tuna ranar layya.

Wani zai ce, ai abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne. Sai dai Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma babu cikinmu wanda ya kai shi tawakkali. Riƙon sababi da Shari'a ta yarda da shi daban, ɗaura laya a ƙugu daban.

Saboda haka, ya kai shugaban tawaga, 'ya'yan mutane amana ne a hannunka. Kada ka kafa zango a burtali ko mashayar shanu ko inda garke ya kwana. A share ciyawa kafin a shimfiɗa tabarma. A sa takalmi rufaffe, a cusa ƙafar wando cikin safa, tufa kuma mai haske ta fi, don a hango kaska kafin ta kai fata. Cizonta ba ya zafi, don haka kowa ya duba jikinsa da yamma: hammata, matsematsi, bayan kunne, cibiya da cikin gashi.

Idan an same ta ta kafe, a bar al'adarmu ta ɗiga mata kananzir ko ƙona ta da ashana ko murtsuke ta da farce. A kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a miƙe sannu a hankali, a wanke wurin da sabulu.

Wanda kuma zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki suka taso masa cikin kwana 9 bayan cizon, balle a ga haɓo ko jini a dasashi, kada a tsaya sayen maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis. A kai shi asibiti, a faɗa wa likita cewa kaska ta cije shi, a faɗi ranar, kuma kada mai jinya ya taɓa jininsa da hannu ba safa.