Shingen Lalle a Kudancin Garin Kaduna

Duk wanda ya ratsa Barnawa ko Narayi zai ga gidaje da makarantu kewaye da shukar nan mai ganye ruwan ɗorawa, wadda masu sayar da furanni ke kira yalo bush. Kyau kam tana da shi, amma 'ya'yanta guba ne ga yara da karnuka.

To, ina aka baro lalle?

A watan Mayu, da damina ta kankama, a yanko reshen lalle mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda, a kafa shi inda rana ke bugawa sosai. Lalle ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, saboda haka mazauna Nasarawa da Kudenda, kusa da Kogin Kaduna, su tayar da kunya tukuna.

Ranin farko ne yake buƙatar ban ruwa. Bayan nan hunturu ba ya kashe shi. Idan ya kai ƙirji a riƙa datse kansa don ya cika ta ƙasa. Tsofaffin rassansa na fitar da ƙaya. Ganyen da aka datse kuwa, a shanya a inuwa, a daka, ya isa ƙunshin Sallah.