Ƙasusuwan Dainoso da Labarin Ruwan Ɗufana



Gardamar da zan kawo muku yau a Amurka ta fi zafi, amma wasu daga cikin ƙasusuwan da ake yin ta a kansu a ƙasar Nijar aka haƙo su. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, wani Bafaranshe mai suna Philippe Taquet ya tono ƙwarangwal na wata dabba mai tsawon mita 7, ya raɗa mata suna Ouranosaurus a 1976. Irin waɗannan dabbobi su ake kira dainoso, sunan da Richard Owen na Ingila ya ƙaga a 1842 daga Girkanci, watau ƙadangare mai ban tsoro, ko da yake ba ƙadangaru ba ne, tsuntsaye ma sun fi kusa da su. To, tambayar da masu karatun Littafi Mai Tsarki suka daɗe suna yi ita ce: ina waɗannan halittu suke sa'ad da Annabi Nuhu ya shiga jirgi?

Littafin Farawa, daga sura ta 6 zuwa ta 9, ya ba da labarin ruwan, har da awon jirgin: kamu 300 a tsawo, 50 a faɗi, 30 a tsaye. Amma bai faɗi shekara ba. Wani babban limamin kirista na Ailan, James Ussher, shi ne ya tattara shekarun mutanen da aka jera cikin littafin, ya fitar a 1650 cewa an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, ruwan Ɗufana kuwa ya sauko wajen shekara 2349. Daga baya aka riƙa buga wannan lissafi a gefen shafin Baibul na Turanci, har mutane suka ɗauke shi tamkar nassi. Ina roƙonku ku riƙe wannan batu, domin rabin rigimar daga nan ta taso.

Masanan duwatsu na farko a Ingila da yawa daga cikinsu malaman coci ne. William Buckland, wanda ya fara bayyana dainoso a rubuce a 1824, shekara guda kafin nan ya wallafa littafi yana cewa tsakuwa da laka da ke shimfiɗe a ƙasarsu shaidar ruwan Ɗufana ce. Adam Sedgwick na Kambirij shi ma haka ya gaskata. Sai dai da bincike ya yi nisa, Sedgwick ya tashi gaban taron masana a 1831 ya janye maganarsa, Buckland kuma ya bi sahu, ya yarda cewa ƙanƙara mai tafiya ce ta bar wannan tsakuwa. Ba wanda ya bar addininsa a cikinsu. Duwatsun ne suka ƙi ba da shaidar da aka nema daga gare su, su kuwa mutanen kirki ne, suka faɗi abin da suka gani.

A Amurka aka sake tayar da zancen. George McCready Price ya wallafa littafi a kan haka a 1923, sa'an nan John Whitcomb da Henry Morris suka buga The Genesis Flood a 1961. Ra'ayinsu shi ne, dainoso sun zauna tare da 'yan Adam, Nuhu ya ɗauki ƙanana daga kowane iri don wuri ya isa, sauran kuwa ruwa ya binne su cikin shekara guda, shi ya sa muke samun ƙasusuwansu cikin dutse. A jihar Kentaki ma an gina jirgin katako mai tsawon ƙafa 510, aka buɗe shi a 2016, da gumakan dainoso a cikin keji. Suna kuma kafa hujja da wata dabba, Behemot, da aka siffanta a sura ta 40 ta Littafin Ayuba, alhali kuwa yawancin masu sharhi dorina ko giwa suka ɗauke ta.

Dabara ce mai ban sha'awa, amma ba ta tsayawa. Ku dubi abin da ke cikin duwatsun kansu. A jihar Montana an sami sheƙunan dainoso da ƙwai da 'ya'ya, hawa bisa hawa, alamar cewa uwayen suna komawa wuri guda shekara bayan shekara. A hamadar Gobi ta Mongoliya, a 1993, an tarar da wata tana kwance a kan ƙwanta kamar kaza. Akwai sawun ƙafa dubbai, akwai laka wadda rana ta busar har ta dare, duka a tsakiyar duwatsun da aka ce ruwa guda ne ya zuba su. Yaya dabba za ta yi sheƙa, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, ruwa kuwa ya rufe kan tsaunuka? Har ila yau, in tare aka nutsar da su, me ya hana a sami ƙashin mutum ko na saniya ko da ɗaya a gefen na dainoso? An taɓa cewa an ga sawun mutum tare da nasu a kogin Paluxy na Tekzas, amma a 1986 masu wannan ra'ayi da kansu suka ja da baya daga maganar.

Batun shekaru kuwa, ana auna shi da tokar aman wuta da ke tsakanin duwatsu. Yuraniyam da ke cikinta yana rikiɗa ya zama darma a kan ƙa'ida sananniya, don haka yawan darmar yake nuna tsawon zamanin. Da wannan awo da makamantansa aka gane cewa dainoso, ban da tsuntsaye, sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a Meziko. Ko tarihin mutane ma bai yarda da Ussher ba, gama babbar dalar Giza ta Masar ta riga shekararsa ta ruwa da kusan shekara 200, mulkin Fir'aunoni kuwa bai yanke ba.

A nan ne nake ganin malamin harshe yana da abin cewa. Kalmar Ibrananci da aka fassara da duniya cikin labarin, erez, daidai take da kalmarmu ta ƙasa: takan nufi doron duniya duka, takan nufi ƙasar wasu mutane, takan nufi turɓayar da ake takawa. Mu ma in Bahaushe ya ce duniya duk ta hallara wurin biki, ba wanda zai tambaye shi ko mutanen Sin sun zo, ba kuma wanda zai ce ya yi ƙarya. Saboda haka malaman kirista da yawa suka fahimci ruwan a kan cewa ya halaka duniyar da mutanen Nuhu suka sani, wadda ake kyautata zaton Mesofotamiya ce, ƙasar Iraƙi ta yau, inda kogunan Dijla da Furatu suka saba ambaliya. Wanda ya karanta haka ba shi da bukatar neman wa dainoso keji cikin jirgi, domin sun shuɗe tun kafin a yi mutum. Tun wajen shekara ta 415 Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya gargaɗi 'yan'uwansa kada su jingina wa littafi abin da masu ilmin halitta suka san ba haka yake ba, don kada a raina littafin saboda su. Alƙur'ani mai girma shi ma ya kawo ƙissar a Suratu Hud, ya ambaci Judi inda jirgin ya tsaya, amma bai ƙayyade shekara ba, shi ya sa lissafin Ussher bai taɓa zama nauyi a wuyan malaman Musulunci ba.

Shugaba, a nan zan dakata, domin a sami lokacin tambayoyi.