Maɓallin da ya tashi, a bar shi a tashe



A gaban matuƙin ƙaramin jirgin sama irin Cessna akwai jerin ƙananan maɓallan katse wuta. Aikinsu ɗaya da fiyus na gida: idan lantarki ya yi wa waya yawa, maɓallin sai ya tashi, wuta ta yanke kafin rigar wayar ta narke. Wayar yake karewa, domin a sama waya mai zafi gobara ce, kuma babu bakin hanyar da za a tsaya.

A watan Yulin 2007, a garin Sanford na jihar Florida a Amurka, wani Cessna 310 ya kama wuta a sama ya faɗa kan gidaje. Mutum 5 suka rasu, 3 daga cikinsu suna ƙasa. Kwana ɗaya kafin nan, wani matuƙi ya ji ƙaurin ƙuna daga na'urar hangen yanayi ta wannan jirgin, ya zare maɓallinta, ya rubuta rahoto. Ba a gyara ba. Hukumar NTSB mai binciken haɗura ta ce da alama an mayar da maɓallin aka tashi.

Abin lura, injin irin wannan jirgi ba ya dogara da batir. Wata na'ura mai suna maganeto ke ba filogi wuta. Ko an kashe lantarkin gaba ɗaya, farfela na juyawa.

Saboda haka, ɗalibanmu na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, idan maɓalli ya tashi kuka ji ƙauri, kada ku danna shi. Ku sauka, injiniya ya bi wayar tukuna.