Canza ƙofar zuciya ba tare da tsaga ƙirji ba

Wani daga Rara ya tambaya: wai da gaske ana canza ƙofar zuciya ba a tsaga ƙirji ba? Ana yi. Likita Alain Cribier ya fara a Faransa, 2002. Ta jijiya ake zura sabuwar.

Amma fa akwai haɗari. Bakin jijiyoyi biyu masu shayar da zuciya yana dab da ƙofar. In sabuwar ta buɗe, takan ture tsohuwar gefe, tana iya toshe su, kamar a datse wa albasar Goronyo ruwa. Shi ya sa ake fara ɗaukar hoto a auna tazarar. In ta yi kaɗan, sai a tsaga tsohuwar da wayar lantarki tukuna, jini ya samu hanya.