Jawabi Kan Sabunta Igiyoyin Jigon Jirgin Ruwa

Wannan jawabi ya shafi ƙananan jiragen ruwa masu filafili, da igiyoyin da ke riƙe da jigonsu, watau doguwar sandar nan ta tsakiya wadda ake ɗaura filafili a jikinta.

Kogin Kaduna, wanda ya ratsa gari ya bar Kakuri da Gonin Gora ta kudu, duwatsu sun yi masa yawa, saboda haka masu fito a nan da gora ko matuƙi suke tuƙi. Amma da ya gangara ƙasar Neja sai ya buɗe ya zama tabki a Shiroro, inda aka gama madatsar ruwa a 1990, kamar yadda Kwara ta yi a Kainji tun 1968. A irin wannan faffaɗan ruwa, da kan Kwara da Binuwai, iska kan ɗauke wa matuƙi wahala, har masunta kan ɗinka buhuna su yi filafili da su. To, wanda ya jingina da iska lalle ne ya san abin da ke tsai da jigonsa.

Galibi igiya 3 ce ke riƙe da jigon ƙaramin jirgi: ɗaya ta tafi goshi, biyu kuwa dama da hagu, sun ɗan karkata baya. Ba a kwance su kullum kamar igiyar jan filafili, don haka ido ya kan saba da su, har su ruɓe ba wanda ya kula. Ranar da guda ta tsinke jigo ya faɗi, ya rotsa kan mutum ko ya tsaga katako, filafili ya sha ruwa ya rinjayi jirgi. Hadarin farkon damina kuwa daga gabas ya kan taso da guguwa, ba ya sallama. Saboda haka da rani ya kamata a yi wannan aiki, tun bazara ba ta kama ba.

Kowace igiya da irin cutarta. Ta rama da ta kaba laima ke cinye su daga ciki. A murɗa a buɗe tufkar, in an ga baƙi ko gari, ta gama aiki. Ta roba ba ta ruɓewa, amma rana na ƙona ta, tana kuma miƙewa har jigo ya riƙa rawa. Waya ta fi su ƙarfi, sai dai a bakin maɗauri take mutuwa, inda ruwa ke kwanciya. A shafa ta da tsumma daga sama har ƙasa. In tsumma ya sarƙe, sili ya karye ke nan, kuma sauran na tafe. Masu gyaran jirage a Ingila da Amurka sun saba ba da shawara a sake ko da wayar da ba ta tsatsa bayan kamar shekara 10, ko da ido bai ga aibinta ba.

Ga yadda ake sabuntawa. A jawo jirgi tudu a kwantar da jigo, amma a fara duban sama, gama jigon ƙarfe ko jiƙaƙƙiyar gora in ta kusanci wayar lantarki ajali ne. A auna kowace sabuwa da tsohuwarta, a rage kaɗan domin tsohuwar ta riga ta miƙe. A sake su duka uku lokaci guda, tun da rana ɗaya da ruwa ɗaya suka sha. Kada a manta da ƙarfen da aka kafa a jikin jirgi inda igiya ke kamawa, da katakon da ke ƙarƙashinsa: sabuwar waya a ruɓaɓɓen katako aikin banza ce. Maƙeran Panteka a Kaduna sun iya ƙera irin waɗannan ƙarafa in an kai musu samfur. Wajen saye kuma a tuna araha ba ta ado.

Da an ta da jigo sai a ɗaure dama da hagu daidai wa daida, mutum ya tsaya a goshi ya duba ko ya miƙe sak. A gwada jirgin kusa da gaɓa ba fasinja, sa'an nan a ƙara ɗaurewa, don sabuwar igiya ta kan saki bayan fitar farko.

Dokar sufurin ruwa tana hannun hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta na Lakwaja, amma Hakimi ya fi ta kusa da mashigi. Abin da ake roƙo shi ne kowane Hakimi mai ruwa a ƙasarsa ya umarci Sarkin Ruwa ya duba jirage sau ɗaya a shekara kafin ruwan fari. Malamin Hakimi kuma ya buɗe littafi, ya rubuta sunan mai jirgi, da irin igiyarsa, da ranar da aka sake ta. Wanda igiyarsa ta gaza a hana shi ɗaukar mutane sai ya gyara. Kuɗin igiya kaɗan ne, rai kuwa ba a sayensa a kasuwa.

Allah ya kiyaye bayinsa a tudu da ruwa, amin.