Kafin A Ɗauki Kwamfuta Zuwa Kano



An nemi in yi magana a kan abin da ke ta da hankalin gidaje da yawa a Gwarzo da Kabo: yaro na cike fom ɗin makaranta, gobe za a rufe, kwamfuta ta ƙi shiga intanet. Sai a yanke cewa ta lalace, a biya kuɗin mota zuwa Farm Centre a Kano, alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Intanet maras waya sarƙa ce mai gaɓa uku: daga kwamfuta zuwa rauta, daga rauta zuwa eriyar kamfani, daga nan zuwa sauran duniya. Aikinmu shi ne gano gaɓar da ta tsinke. A haɗa wayar hannu da rautar nan. In ta buɗe shafi, matsalar tana jikin kwamfuta: a duba ko an kashe Wi-Fi ba a sani ba, a goge sunan rautar, a sake shigar da lambar sirri. In wayar ma ta ƙi, to a ƙyale kwamfuta, ba ta da laifi.

Daga nan a duba data. Tun shekarar 2023 hukumar NCC ta daidaita lambobin layuka, *323# na nuna abin da ya rage. Ni kaina na taɓa ɓata yini ina kwance-kwance, ashe yara ne suka cinye datar da kallo.

Inda muka fi yin kuskure shi ne wurin ajiye rauta. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna raunana sigina, mu kuwa sai mu tura ta ƙuryar ɗaki don gudun ƙura da hannun yara. A ɗora ta a sama, kusa da taga, ta ɓangaren da eriya take. In tana da zango biyu, 2.4 ya fi 5 ratsa bango. A kashe ta na rabin minti, a kunna.

Wani lokaci kuma matsalar ta fi ƙarfin gida. A watan Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Nijeriya. Saboda haka a tambayi maƙwabci mai irin layin. In shi ma haka ne, a kira kamfani a 300. In ba a biya buƙata ba, a kai kuka NCC a 622, kyauta ne.